Gansakukar da ke cikin ƙanƙarar teku: a ina take zama, yaya ake ɗebo ta, me narkewa ke yi mata?

Ɗalibar Bayoloji ta rubuta:

Assalamu alaikum malamaina. Ina haɗa takardar da zan gabatar a aji kan ƙananan gansakukar nan da ido ba ya gani, wadda ke rayuwa a cikin ƙanƙarar tekun Aktik (ƙarshen arewacin duniya) da na Antatika (ƙarshen kudu). Na karanta abin da na samu, amma har yanzu kaina a ɗaure yake. Ƙanƙara dai daskararriya ce kamar dutse, to ta ina abu mai rai zai samu ruwa da abinci a cikinta? Ita ce wadda ake nunawa a hotuna tana mayar da dusar ƙanƙara ja, ko wata ce daban? Masu bincike kuma yaya suke ɗebo ta su auna yawanta ba tare da sun kashe ta ba, tunda dole sai an narkar da ƙanƙarar?

Abin da ya fi damuna shi ne, wata takarda ta ce narkewar ƙanƙarar teku za ta ƙara wa gansakukar yawa saboda haske zai ƙaru, wata kuma ta ce hallaka ta zai yi. Wanne zan rubuta? Don Allah a ba ni bayani mai adadi da matakai. Allah ya saka da alheri.

Mai Madubi ya rubuta:

Wa alaikumus salam, malama. Jar da kika gani a hoto wata ce daban, tana zama ne a saman dusar ƙanƙara a kan tudu da duwatsu. Wadda kike tambaya a kai launinta ruwan ƙasa ne, kamar shayin da ba a sa wa madara ba, kuma ba a ganinta daga sama. Sai an ciro ƙanƙarar an juya gindinta.

Tushen amsar shi ne ƙanƙarar teku ba irin ta firiza ba ce. Ruwan teku yana da gishiri kusan giram 34 zuwa 35 a kowane kilo, shi ya sa ba ya daskarewa sai sanyi ya kai digiri 1.8 ƙasa da sifili. Idan ya fara daskarewa, zallar ruwan ne ke zama ƙanƙara, gishirin ba ya shiga. Yawancinsa yana tsiyayewa ƙasa ya koma teku, sauran kuma ya maƙale tsakanin ƙwayoyin ƙanƙarar a matsayin ruwan gishiri mai kauri, cikin 'yan aljihuna da magudanai. Wasu magudanan sun fi gashin kai siranta, wasu sun kai milimita kaɗan. A cikin wannan ruwan gansakukar take, manne da bangon magudanan. Duk wanda ya taɓa tsotsar zoɓon da ya daskare a leda ya ga irin wannan: zaƙin da jan suna fara fitowa, a bar shi da farar ƙanƙara marar ɗanɗano, domin sukarin bai daskare tare da ruwan ba.

Ki gwada a gida, gani ya kori ji. Ki narkar da gishiri giram 35 a ruwa lita ɗaya, ki zuba a roba, ki cika wata robar da zallar ruwa, ki sa su a firiza kwana ɗaya ko biyu. Ki juye su a faranti ki ɗiga zoɓo mai kauri a kan kowace. A kan zallar ƙanƙarar zai gangare gefe, a mai gishirin kuwa za ki ga jan yana nutsewa ciki yana bin siraran hanyoyi.

Zafin ƙanƙarar ne ke ƙayyade kaurin gishirin da faɗin magudanan, kuma nan ne adadin da kike nema yake. A digiri 2 ƙasa da sifili, ruwan cikin magudanan bai fi na teku gishiri sosai ba. A digiri 5 ƙasa da sifili ya kai wajen giram 87 a kilo, a digiri 10 kuma ya haura 140, wato ninki huɗu na teku. Yayin da gishirin ke ƙaruwa, wurin zaman yana tsukewa. Ɗauki ƙanƙarar da idan aka narkar da ita gaba ɗaya gishirinta giram 5 ne a kilo: a digiri 10 ƙasa da sifili, ruwan da ke cikinta bai kai kashi 3 cikin 100 na girmanta ba, a digiri 5 ya kai kashi 5, a digiri 2 ya haura kashi 12. Wannan kashi 5 ɗin shi ne iyaka. Ƙasa da shi aljihunan a rufe suke, kowane da kansa. Sama da shi sai su haɗe, ruwa ya riƙa shiga yana fita. Golden da abokan aikinsa ne suka bayyana wannan a 1998, ana kiransa ƙa'idar biyar-biyar: digiri 5, gishiri 5, kashi 5.

Da wannan za ki gane dalilin da ya sa a Aktik yawancin gansakukar ke taruwa a santimita 2 zuwa 10 na gindin ƙanƙarar. Saman yana fuskantar iskar da ke iya kai digiri 30 ƙasa da sifili, gindin kuwa yana zaune a kan ruwan teku, don haka kullum yana kusa da digiri 1.8 ƙasa da sifili, magudanansa a buɗe, sinadaran abincinta, wato naitiret da silika, suna shigowa daga ƙasa. A Antatika akan same ta har a tsakiya da saman ƙanƙarar, domin dusa mai nauyi tana danne ƙanƙarar har ruwan teku ya hau kanta.

Mafi yawansu dayatom ne, masu ƙwayar halitta ɗaya da ke cikin ɓawon silika, sinadarin da ake gilashi da shi. Sunaye uku ya kamata ki riƙe. Nitzschia frigida ita ce ta fi yawa a gindin ƙanƙarar gaɓar Aktik, ƙwayoyinta suna haɗuwa kamar rassan bishiya. Fragilariopsis cylindrus tana nan a kudu da arewa, an wallafa jerin ƙwayoyin gadonta a 2017. Melosira arctica kuma ba a cikin magudanan take ba, tana rataye ne a ƙarƙashin ƙanƙarar kamar zare, tsawonsa kan kai mita da yawa. Suna fitar da wani abu mai yauƙi kamar miyar kuɓewa da ke manna su da bango yana kuma kare su daga kaifin gishiri, da wasu furotin da ke kama ƙwayar ƙanƙara su hana ta girma ta matse su.

Baban Yusra ya rubuta:

Malam Mai Madubi ya share fage, bari in ɗauki batun ɗebowa, domin a nan ne aiki ya fi lalacewa.

Kafin a taɓa ƙanƙarar ana auna kaurin dusar da ke kanta a wurare da yawa, a rubuta. Kada a share dusar a bar wurin a buɗe, kuma kada a tattake inda za a haƙa. Abin haƙar bututu ne mai haƙora a baki, wanda aka fi amfani da shi na kamfanin Kovacs ne mai faɗin santimita 9, ana juya shi da hannu ko da inji har ya ɓulla ruwa. Abin da ke fitowa sanda ce ta ƙanƙara, tsawonta kaurin ƙanƙarar wurin, sau da yawa mita ɗaya zuwa biyu idan ta shekara ɗaya ce.

Sanda ɗaya ba ta isa. Ta farko ta auna zafi ce: ana kwantar da ita a huda ƙananan ramuka kowane santimita 5 ko 10, a cusa ma'aunin zafi, a gama cikin 'yan mintuna, in ba haka ba zafin iska za a auna. Ta biyu ta gishiri da sinadaran abinci ce. Sauran na gansakuka ne, aƙalla uku daga wurare mabambanta, saboda rabonta ba daidai yake ba. Taku biyar tsakanin rami da rami na iya ba da bambanci mai yawa idan kaurin dusa ya bambanta.

Da sandar gansakukar ta fito, gindin ake fara yankewa da zarton ƙarfe marar tsatsa da aka goge da barasar asibiti: santimita 3 na ƙasa daban, daga 3 zuwa 10 daban. Ana yin wannan a inuwa, cikin tanti ko mutum ya kare rana da jikinsa, a jefa yankin cikin baƙar leda ko roba mai murfi nan take. Halittar da ta saba da duhu, hasken rana kai tsaye yana lalata mata sinadarin kama haske cikin ɗan lokaci. Matsala ta biyu tsiyaya ce. A ƙarshen bazararsu, lokacin da magudanai suka buɗe, ruwan gishirin yana zubewa tun sandar na cikin bututun, ya tafi da ƙwayoyin halitta. Gindin kuma yana da laushi, yakan karye ya koma cikin ramin. Idan ƙarshen sandar ya fito fari sumul ba launin ruwan ƙasa, alhali na kusa da shi suna da launi, a jefar a sake haƙa.

Yanzu narkarwa, wadda ita ce ainihin tambayarki. Gansakukar tana zaune a ruwa mai gishiri 35 ko fiye. Idan aka bar yankin ya narke shi kaɗai, ruwan da zai fito gishirinsa bai wuce 5 zuwa 10 ba, saboda zallar ƙanƙarar ta tsinka shi. Ruwa sai ya kwarara cikin ƙwayar halittar, ta kumbura ta fashe. Garrison da Buck sun nuna a 1986 cewa ta wannan hanyar ana rasa kusan kashi 70 cikin 100 na masu taushin jiki, wato masu bulala da masu gashi-gashi da ba su da ɓawo. Dayatom sun fi juriya saboda ɓawonsu, shi ya sa kuskuren ke ɓoyewa: a madubi za a ga dayatom birjik, a ɗauka komai lafiya, alhali sauran sun tafi.

Maganin shi ne a narkar da yankin a cikin ruwan tekun da aka ɗebo a wurin aka tace ta matacin maikuromita 0.2, a zuba kamar ninki uku na ruwan da ƙanƙarar za ta bayar. A ajiye a duhu, a zafin da bai wuce digiri 4 ba. Yakan ɗauki awa 24 zuwa 48. Kada a ɗora kusa da abin ɗumama ɗaki don sauri, kuma kada a bari ya kwana bayan ƙanƙarar ƙarshe ta narke, saboda ƙwayoyin bakteriya da masu cin gansakukar suna nan cikin robar suna aikinsu. Sandar gishiri da ta sinadarai kuwa ita kaɗai ake narkarwa, ba a zuba mata komai, domin ruwan da aka ƙara zai shigo da nasa naitiret da gishiri.

Bayan narkewa a juya robar a hankali, kada a girgiza, rassan Nitzschia frigida suna wargajewa. A auna jimillar ruwan a rubuta. Don auna kulorofil, wanda shi ne ma'aunin yawan gansakuka, a tace wani sanannen adadi, mililita 50 zuwa 250 gwargwadon duhun launin, ta takardar tacewa ta zaren gilashi samfurin GF/F, da famfo mai jan iska a hankali. Jan iska da ƙarfi yana fasa ƙwayoyin, sinadarin ya bi ruwa ya wuce. A tsaya da zarar takardar ta ɗauki launi. A naɗe ta, a sa a asiton mai ƙarfin kashi 90, a bar ta awa 24 a sanyi da duhu, sannan a karanta a na'urar auna ƙyalli. A ɗiga ruwan asid na haidurokulorik mai rauni a sake karantawa. Bambancin karatun biyu ne ke raba kulorofil mai rai da wanda ya riga ya lalace. In ba za a yi aikin a ranar ba, a naɗe takardar a takardar alminiyam a daskarar da ita.

Don ƙirga iri-iri, a ɗebi mililita 100 zuwa 200 a kwalba mai duhu, a sa ruwan Lugol, wato ruwan aidin mai adana ƙwayoyin, kamar kashi 1 cikin 100. Ana zuba mililita 10 zuwa 50 a kwanon kwantarwa na Utermöhl, a bar shi kwana ɗaya ƙwayoyin su kwanta, a ƙirga da madubin da ke kallo daga ƙasa. A ƙirga aƙalla ƙwaya 400, shi ke sa kuskuren ƙirga ya tsaya a wajen kashi 10 cikin 100.

Ɗalibar Bayoloji ta rubuta:

Madalla, Allah ya ƙara basira. Baban Yusra, tunda an ƙara ruwa ninki uku, ai karatun na'urar ya ragu ke nan. Yaya ake mayar da shi adadin da nake gani a takardu, miligiram a murabba'in mita?

Baban Yusra ya rubuta:

Tambaya mai kyau, 'yar'uwa. Hanya mafi sauƙi ita ce ki manta da ninkin, ki lissafa jimillar abin da ke cikin robar. Ga misali da adadin da na ɗauka don koyarwa kawai.

Bututu mai faɗin santimita 9 yana yanke fili mai murabba'in santimita 63.6, wato murabba'in mita 0.00636. Yanki mai tsawon santimita 3 girmansa wajen mililita 191 ne, idan ya narke ya ba da kamar mililita 172, tunda ƙanƙara ba ta kai ruwa nauyi ba. Kin ƙara tacaccen ruwa mililita 516, jimilla 688. A ce na'ura ta nuna maikurogiram 60 a kowace lita ta wannan haɗin. Ki ninka 60 da 0.688, ki samu maikurogiram 41.3 a robar. Ki raba da 0.00636, ki samu kusan 6,500, wato miligiram 6.5 a murabba'in mita.

Kurakurai biyu ne ke yawan faruwa. Mutum ya manta bai rubuta ainihin ruwan da ya ƙara ba, ya dawo yana ƙiyasi. Ko kuma ya kwatanta sakamakon santimita 3 na ƙasa da na wani da ya yanke santimita 10, ba tare da ya faɗa ba. Ki kuma auna gishirin haɗin: idan na ƙanƙarar 8 ne, na ruwan da aka ƙara 33, ya kamata ki samu wajen 27. Idan ya yi nisa da haka, akwai kuskure a ma'aunin ruwan. Kuma a tace ɗan tacaccen ruwan shi kaɗai a karanta, don a tabbatar ba shi da kulorofil nasa.

Don ki san inda adadinki ya faɗa: a ƙanƙarar gaɓa ta Resolute a arewacin Kanada, ƙarƙashin dusa marar kauri, an sha samun fiye da miligiram 100 a murabba'in mita a ganiyar yabanya, wato lokacin da gansakukar ta fi yawa. A tsakiyar tekun Aktik kuwa, inda abinci ya yi ƙaranci, yawanci 'yan miligiram ne kawai.

Malamar Teku ta rubuta:

Ƙanwata, tambayarki ta ƙarshe ba a taɓa ta ba, kuma ita ce zuciyar takardarki. Takardun nan biyu da kika karanta kowace ta faɗi gaskiya, sai dai ba a kan halitta ɗaya suke magana ba. Akwai gansakukar da ke cikin ƙanƙara, akwai kuma wadda ke yawo a cikin ruwan teku. Ta biyun tana samun ƙarin haske da tsawon lokaci idan ƙanƙara ta ragu, muddin akwai naitiret. Ta farkon gidanta ne ke narkewa.

Fara da haske. Sabuwar dusa tana mayar da kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na hasken rana sama, buɗaɗɗen teku kuwa kashi 6 kawai yake mayarwa. Dusa ta fi ƙanƙara tare haske nesa ba kusa ba; kaurin santimita 30 ya isa ya tare fiye da kashi 90 cikin 100. Saboda haka abin da ke isa gindin ƙanƙara ɗan kaɗan ne ƙwarai, kuma gansakukar ta saba da hakan. A tafiyar bincike mai suna MOSAiC, lokacin da jirgin binciken Jamus Polarstern ya bar Tromso ta Norwe ranar 20 ga Satumba 2019 aka bar shi ya daskare cikin ƙanƙara yana tafiya da ita, daga baya ya koma Bremerhaven ta Jamus a Oktoba 2020, an ga gansakuka ta fara ƙaruwa a ƙarshen Maris, kwanaki kaɗan bayan dogon daren ya ƙare, da haske wajen maikuromol 0.04 (ma'aunin ƙarfin haske) a murabba'in mita a daƙiƙa. Tsakar rana mai haske tana kai wajen 2,000. Ki raba ki gani: kashi ɗaya cikin 50,000.

Wannan ne ya ba ta muhimmanci. Ita ce abincin farko na shekara, tana yabanya daga Afrilu zuwa Yuni lokacin da ruwan da ke ƙarƙashin ƙanƙarar bai da komai. A yawancin yankuna rabonta a jimillar abin da gansakuka ke samarwa a shekara ƙarami ne, amma a tsakiyar Aktik ma'aunin da aka yi a wata tafiyar bincike a 1994 ya ba ta har kashi 57 cikin 100. Akwai wani ɗan ƙwaron ruwa, Calanus glacialis, girmansa kamar ƙwayar shinkafa, fiye da rabin busasshen nauyinsa kitse ne. Binciken da aka yi a Rijpfjorden ta tsibiran Svalbard a 2007 ya nuna matan suna cin gansakukar ƙanƙara a ƙarshen Afrilu su yi ƙwai, 'ya'yan kuma su kai girman cin abinci daidai lokacin da gansakukar ruwa ta yi yabanya a farkon Yuli, wata biyu bayan haka. Ɗumamar yanayi tana matso da ranar fashewar ƙanƙara, amma ba ta matso da ranar fitowar rana. Tazarar wata biyun nan sai ta tsuke, yabanya ta biyun ta zo ta wuce 'ya'yan ba su isa ci ba. Kifin Boreogadus saida da wannan ƙwaron yake rayuwa, dabbar ruwan nan sil da tsuntsaye da kifin, farin beyar da sil. A Antatika kuma 'ya'yan kiril, Euphausia superba, wata halitta mai kama da ƙaramin jatan lande, a ƙarƙashin ƙanƙara suke kiwo su tsallake hunturu.

Abin da Baban Yusra ya ce yana faruwa a roba, shi ne ke faruwa a teku idan narkewa ta zo da gaggawa. Dusa ta narke, ruwan daɗi ya taru a sama ya yi tafkuna, magudanai sun riga sun buɗe, sai ruwan ya ratso ƙasa ya wanke gindin. Gishiri ya faɗi, haske ya ƙaru farat ɗaya, gindin da suke manne da shi yana zaizayewa. Yabanyar da ta yi makonni tana taruwa tana iya suɓucewa cikin 'yan kwanaki. Ruwan sama a kan dusa a farkon bazara yana jawo irin wannan tun kafin lokaci. Yauƙin da ke jikinsu yana haɗa su dunƙule-dunƙule, su nutse da sauri kafin masu kiwon sama su ci.

An ga wannan ƙuru-ƙuru a 2012, shekarar da ƙanƙarar Aktik ta sauka zuwa wajen murabba'in kilomita miliyan 3.4 a Satumba, mafi ƙanƙanta tun da tauraron ɗan'adam ya fara aunawa a 1979. Tawagar Antje Boetius a jirgin Polarstern ta saukar da kyamara ƙasan teku mai zurfin fiye da mita 4,000, ta tarar da dunƙulen Melosira arctica sabbi, da launinsu, a zube a kan laka. Kokwambar teku da wasu dangin tauraron teku sun taru suna ci, a ƙarƙashin dunƙulen kuma bakteriya sun cinye iskar oksijin ɗin lakar. Abincin bai ɓace ba, ya koma hannun wasu ne a wani wuri.

Ɓangaren ƙarin shi ma gaskiya ne. A Yulin 2011, a tekun Chukchi, masu bincike a jirgin Healy na Amurka sun tarar da gagarumar yabanyar gansakukar ruwa a ƙarƙashin ƙanƙara, ta shiga fiye da kilomita 100 daga bakinta, saboda ƙanƙarar sirirya ce mai tafkuna a kai, haske yana ratsawa. Kuma a can arewa sosai, inda tsohuwar ƙanƙara mai kauri ke komawa ta shekara ɗaya, ita kanta gansakukar ƙanƙarar tana iya ƙaruwa na wani lokaci. A gefen kudu na Aktik ne, inda ƙanƙarar ke makara wajen kamawa tana kuma saurin tafiya, lokacinta ke gajarcewa. In ni ce ke, ba zan rubuta "za ta ƙaru" ko "za ta hallaka" ba. Zan gina takardar a kan wace gansakuka, a wane yanki, a wane wata, da kuma wa ke cin ta.

Tsohon Malami ya rubuta:

Ɗiyata, ki riƙe abin da suka faɗa miki. Gyara ɗaya zan yi wa bayanin narkarwa, don kada ki rubuta shi kamar doka marar togiya. A tekun Baltik, inda ruwan kansa gishirinsa kaɗan ne, Rintala da abokan aikinsa sun wallafa a 2014 cewa narkar da ƙanƙara ita kaɗai da sauri ya fi ba da sakamako na gaskiya, domin faɗuwar gishirin ba ta da yawa, doguwar jira kuwa tana ba halittun damar canzawa a cikin roba. Saboda haka a dubi gishirin wurin tukuna, kuma kowace hanya aka bi a rubuta ta dalla-dalla: ninkin ruwa, zafi, da awannin da aka ɗauka.

Ki kuma kiyaye kuskuren da ɗalibai kan yi a irin wannan takarda, na cewa narkewar ƙanƙarar teku ce ke ɗaga tsayin teku. Ita tana yawo ne a kan ruwa, ta riga ta ɗauki gurbinta, abin da take ƙarawa ɗan kaɗan ne. Ta kan tudu, ta Girinlan da Antatika, ita ce mai wannan aikin.

Idan kina son 'yan ajinku su ga dayatom da idonsu, ba sai an je Svalbard ba. Kwarin Bodele da ke arewacin Chadi gindin tsohon babban Tafkin Chadi ne, farar ƙasarsa ɓawon dayatom ɗin ruwan daɗi ne da suka mutu shekaru dubbai da suka wuce, yawanci dangin Aulacoseira, kuma iskar hunturu tana kwaso ƙurarsa ta kawo mana. Waɗancan matattun ɓawo ne, sau da yawa a farfashe. Masu rai kuwa suna nan a kududdufi da bakin dam: ki ɗauko dutse mai santsi mai launin ruwan ƙasa daga cikin ruwa, ki goge shi da tsohon buroshin haƙori a cikin ɗan ruwan wurin, ki ɗiga ɗigo ɗaya a gilashin madubi ki rufe, ki duba a ninki 400. Masu siffar kwalekwale za ki ga suna silalawa a hankali a kan gilashin, kuma a cikinsu akwai dangin Nitzschia. Ki duba a ranar da kika ɗebo, ki ajiye kwalbar a inuwa ba a rufe ta gam ba.